Tiransisto uku sun mutu a hannuna, kuma abokina nake zargi

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 20, na gama sakandare ina jiran gurbin ƙaro karatu. Tun ina ƙarami nake son kwance rediyo da tocila, yanzu kuma ina koyon haɗa ƙananan na'urori daga bidiyon intanet. Masallacin unguwarmu yana da sola: faranti ɗaya, da batir mai bolt 12 wanda jama'a suka yi karo-karo suka saya, da ƙwayayen fitila huɗu. Ladanmu dattijo ne, kunnawa da kashewa na ba shi wahala. Sai na ce zan haɗa abin da zai riƙa kunna su da kansa in duhu ya yi, ya kashe in gari ya waye. Na haɗa da idon haske, da LM358 (ƙaramar na'urar da ke gane ko duhu ya yi), da tiransisto BC547 (shi ke kunna rile), da ɗan ƙaramin rile shuɗi (makunnin da wuta ke dannawa), na jona kai tsaye a kan batir. Ya yi makonni yana aiki, har liman ya sa mini albarka a gaban jama'a.

Ina ƙauye wajen biki sai fitilun suka ƙi mutuwa, suna ci dare da rana, ba wanda ya san inda zai taɓa. Kafin in dawo batir ya yi ƙasa. Abokina da ke koyon gyaran talabijin a wajen ogansa ya ce tiransisto ne ya mutu, in canja shi, in kuma sa diyod (abin da ke barin wuta ta bi ta fuska ɗaya kawai) a kan rile. Na yi yadda ya ce, ina jonawa sai hayaƙi. Na koma kasuwa, mai shago ya ce BC547 ya ƙare, ya ba ni C945 ya ce duk ɗaya ne. Na cire diyod ɗin na sa wannan, ko motsi. Yanzu wasu na cewa na kashe batirin masallaci, babana kuma ya ce in daina ɓarnar kuɗi. Ba ma magana da abokin nan, don ina ganin da gangan ya ba ni muguwar shawara, tunda shi ke koyon sana'ar amma ni aka yaba. Mai shagon ma ina ganin jabu yake sayar mini. Ina tunanin barin abin gaba ɗaya. Mene ne shawara?

Wani matashi, daga jihar Katsina

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin komai, batirin nan. Idan har yanzu yana zaune babu caji, ka ajiye karanta wannan amsa ka je ka cire duk abin da ke jan wuta daga jikinsa, ka bar faranti ya yi ta cika shi, ko a kai shi wajen mai cajin batir. Irin wannan batir mai dalma da ruwan asid, faɗuwa ɗaya ba ta cika kashe shi ba, zama a faɗe ne ke kashe shi, domin wani farin gishiri yakan taurare a kan faifan dalmar da ke ciki, in ya daɗe ba ya narkewa. Bayan ya cika, ka bar shi ya huta 'yan sa'o'i ba a jona masa komai ba, sannan ka ɗora mita. Bolt 12.6 ko 12.7 cikakke ne, wajen 12.2 rabi ne, in kuwa ya tsaya a kan 10 da ɗoriya ya ƙi tashi, to ɗaki ɗaya cikin shidan da ke cikinsa ya lalace. Wannan lambar za mu dawo kanta, don da ita za ka je gaban jama'a.

Na fahimci abin da ke cin ranka. Da a ɗakinka abin ya ƙone, da ka yi tsaki ka sake wani. Amma wurin da aka sa maka albarka, nan ne ake nuna ka da baki, kuma sau biyar kake zuwa wurin a yini. Dole abin ya yi nauyi. Sai dai ka lura da abin da kunyar nan ta sa ka yi: sau biyu kana gaggawar cusa sabon tiransisto, ba ka tsaya ka tambayi abin da ya kashe na farko ba. Tiransisto ba ya tashi haka kawai ya mutu. Abubuwan da ke kashe shi 'yan kaɗan ne: ƙarfin wutar da ya wuce iyakarsa, ko yawan wutar da ke bi ta cikinsa, ko zafi, ko a juya masa ƙafafu. Kuma yadda ya mutu shi ke nuna wanda ya kashe shi. Wasiƙarka ta ba ni mutuwa iri uku, ina kuma kyautata zaton dalilansu ma uku ne, ba ɗaya ba.

Ɗauki na farko. Ya yi makonni lafiya, sannan ya mutu fitila na kunne. Ma'ana bai tsinke ba, ya narke ne ta ciki ya zama tamkar waya, wuta na wucewa ko an umarce shi ko ba a umarce shi ba. In ba ka jefar da shi ba, sa mita a wajen gwajin diyod ka auna. Lafiyayyen BC547 zai nuna maka wajen 0.6 zuwa 0.7 tsakanin ƙafar tsakiya da kowace ta gefe in jar waya na kan ta tsakiyan, in ka juya wayoyin kuma ba zai nuna komai ba. Tsakanin ƙafafun gefe biyu ma bai kamata ya nuna komai ba. In ka ga kusan sifiri a nan, ko mitar ta yi kuka, to zancen abokinka ya tabbata. Ka duba rilen shi ma, domin akwai wata hanyar da fitila za ta ƙi mutuwa: bakunan ƙarfen da ke cikinsa su manne saboda tartsatsi. Ba tare da wuta ba, ka auna tsakanin ƙafar da wuta ke shiga da wadda ke fita zuwa fitila, ya kamata hanya ta kasance a yanke, mita ba ta nuna komai ba.

To me ya narkar da shi? A cikin rile akwai siririyar wayar tagulla da aka naɗe ɗaruruwan zagaye. Lokacin da wuta ke bi ta cikinta, takan tara ƙarfi a cikin maganaɗisu. Da zarar an yanke wutar farat ɗaya, ƙarfin nan sai ya nemi mafita, ya yi tsalle zuwa bolt mai yawa na ɗan ƙiftawar ido. Tun 1832 wani Ba'amurke, Joseph Henry, ya yi rubutu a kan wannan ɗabi'a ta naɗaɗɗiyar waya, kai kuma kullum kana ganinta ba ka sani ba: da irin wannan dabara kwayil ɗin babur ke mayar da 'yar wuta kaɗan tartsatsin da ke tashi a bakin fulogi. BC547 kuwa iyakarsa bolt 45. Batirinka 12 ne kawai, amma dukan da rile ke mayarwa duk lokacin da aka kashe shi yana iya wuce 45 nesa ba kusa ba. Duka ɗaya ba lallai ya kashe shi ba, shi ya sa ka samu makonni. Akwai kuma abin da nake so ka tambayi ladan: da magariba ko da asuba, yakan ji rilen yana ƙas-ƙas-ƙas kafin ya tsaya? Irin haɗin da ake kwafowa daga intanet yawanci haka yake, in haske ya zo daidai kan iyaka sai LM358 ya riƙa kunnawa yana kashewa sau da yawa a jere, balle in hasken fitilar da ya kunna yana komawa kan idon hasken. In haka ne, tiransiston ba duka ɗaya yake sha a yini ba, gommai yake sha.

Maganin wannan duka shi ne diyod a kan ƙafafun naɗin rile, don ƙarfin ya samu hanyar zagayawa ya huce ba tare da ya faɗa wa tiransisto ba. Wato abin da abokinka ya gaya maka. Shawararsa ita ce abin da duk wanda ya san aikin zai faɗa, kuma da ka sa diyod ɗin tun farko, mai yiwuwa da ba ka rubuto mini ba.

Hayaƙin fa? A nan nake so ka natsu. Diyod yana da fuska. A jikin 1N4007 akwai farin zobe a gefe ɗaya, kuma a wannan aiki dole gefen mai zobe ya kalli jar waya, wato ɓangaren + na batir, ɗaya gefen kuma ya haɗu da ƙafar tiransisto. A haka diyod ɗin yana zaune shiru, ba ya barin komai ya wuce sai lokacin da rile ya mayar da duka. In aka juya shi, sai ya zama gajeriyar hanya: wuta ta tsallake naɗin rilen gaba ɗaya ta faɗa kan tiransisto babu mai tare ta. Naɗin ƙaramin rile mai bolt 12 yana da wajen om 400, don haka miliamfiya 30 kacal yake bari ta wuce. BC547 yana iya ɗaukar miliamfiya 100, da zafin da bai wuce rabin wat ba. Ka ɗauke naɗin daga hanya, ka bar shi da batirin da ke iya tura amfiya ɗaruruwa, cikin daƙiƙa zai yi hayaƙi. Abin da ka kwatanta ke nan, kana jonawa sai hayaƙi. Wani abu kuma da zai iya kawo haka shi ne ɗigon dalma da ya haɗe layi biyu lokacin da kake soda cikin fushi da gaggawa. Ka ɗauko allon ka duba bayansa a rana, ka kuma tuna ina zoben ya kalla. Ko wanne ne a ciki, hannun da ya riƙe ƙarfen sodar naka ne.

Ba don in ƙara maka kunya na faɗi haka ba. Juya diyod kuskure ne da kusan duk mai koyo ke yi. Na faɗa ne don ka ga inda zatonka ya kai ka. Yaron nan ya zo ya duba maka aikin da ba nasa ba, ya gano abin da ya mutu, ya gaya maka rigakafinsa. Laifinsa, in ma laifi ne, bai gaya maka ina zobe zai kalla ba, wataƙila ya ɗauka ka sani, wataƙila shi ma bai gama ƙwarewa ba. Mai hassada da ya yi shiru ne ya bar ka kana ta ƙona tiransisto. Ina kuma roƙonka ka tambayi kanka ko kai ne yabon liman ya sa ka fara kallonsa a matsayin abokin gasa. Ka je wajensa da allon a hannu, kada ka aika saƙo ta waya. Ba sai ka yi dogon jawabi ba, ka ce masa ka gano shawararsa daidai ce, kana zaton kai ka juya diyod, ya taimake ka ku duba tare. In ka riga ka faɗa wa wasu cewa da gangan ya cuce ka, to su ma sai ka koma ka warware, don wannan haƙƙinsa ne.

Mai shago kuma rabin gaskiya ya faɗa maka. C945 da BC547 dangin juna ne, ƙarfinsu kusan ɗaya, kuma C945 zai iya jan wannan rile. Amma jerin ƙafafunsu ya bambanta. In ka riƙe BC547 shafaffen gefen na kallonka, ƙafafu na ƙasa, daga hagu zuwa dama sunayen ƙafafun C, B, E ne. C945 kuwa E, C, B ne. Ka cusa shi a ramukan wancan, kowace ƙafa ta shiga inda ba nata ba, sai ka ga abin da ka gani: ba hayaƙi, ba motsi. Kada ka sake amfani da shi ko da ya nuna lafiya a mita, irin wannan juyi yakan raunana shi. Jabun kaya akwai su a kasuwa, ban musa ba, amma babu ko ɗaya cikin mutuwa ukun nan da ke buƙatar jabu kafin a fahimce ta. Mai sayar da kaya ba lallai ya zama mai haɗawa ba. Kada ka je da faɗa, za ka ci gaba da buƙatarsa. Abin da za ka ɗauka daga nan shi ne, duk lambar da aka canja maka, ka nemi takardar bayaninta a intanet ka ga jerin ƙafafu kafin ka kunna ƙarfen soda.

Yanzu in za ka sake haɗawa, a ɗakinka za ka yi, ba a masallaci ba, kuma ba da batirin jama'a ba. Nemi ɗan ƙaramin batir ko tsohuwar adafta mai bolt 12. Ka samo ƙwan mota ƙarami mai wat 5 ka sa shi a kan jar waya tsakanin batir da allon, ta yadda duk wutar da za ta shiga sai ta bi ta cikinsa. In komai lafiya, ƙwan ba zai kama ba, ko ya yi ɗan ja kaɗan. In ya haska sosai, akwai gajeriyar hanya, ka zare nan take. Kafin ka sa tiransisto, ka auna naɗin rilen, ka kuma jona shi kai tsaye ka ji ya yi ƙas. Ka auna ƙafa ta 1 ta LM358, ka rufe idon haske da yatsa ka buɗe, ka ga ko wutar na hawa tana sauka, domin tiransiston da ya narke yakan ja na kusa da shi. Ka tabbata akwai resisto, mai rage yawan wuta, tsakanin wannan ƙafa da ƙafar B ta tiransisto, daga 1k zuwa 4.7k ya isa. Sai komai ya amsa ɗaya bayan ɗaya sannan ka dasa sabo, ni kuma da BC337 zan sa, ƙafafunsa jeri ɗaya da BC547 amma yana ɗaukar miliamfiya 800. Wannan zai zama dole in wata rana ka koma rilen mota, wanda ke jan abin da ya wuce ƙarfin BC547. Don maganin ƙas-ƙas ɗin magariba, ka sa babban resisto, fara da 100k ka riƙa gwadawa, daga ƙafa ta 1 zuwa ta 3 in rabin LM358 na farko kake amfani da shi, sai ya zama duhun da ke kunnawa daban, hasken da ke kashewa daban. Idon hasken kuma ka ɗaura shi inda yake kallon sama, fitilun ba sa haska shi. Ka bar shi ya yi mako guda yana aiki a gida kafin ya fita.

Akwai kuskure guda da ya fi duk waɗannan girma, kuma shi kaɗai ne nake ganin kana da alhakinsa a gaban jama'a. Ka jona kai tsaye a kan batir, babu fiyus, babu makunni na hannu. Mutuwar tiransisto abu ne na 'yan nairori. Abin da ya mayar da ita asarar unguwa shi ne ba ka bar wa kowa hanyar kashewa ba in ba ka nan. Rashin fiyus kuma ya fi haka haɗari, don batir irin wannan in wayoyi suka haɗu yana mayar da su garwashi, ga kafet ga tabarmi. Fiyus yana zama dab da kan batir, mai amfiya 5 ya ishi ƙwayaye huɗu na zamani. In solar tana da kwantirola, wato akwatin da ke tsara cajin batir, fitila a bakin da aka yi wa hoton ƙwai ake jona ta, domin shi wannan bakin yana yanke wuta da kansa in batir ya yi ƙasa. Da ta nan ka bi, da batirin bai faɗi haka ba. In kuwa babu kwantirola, faranti ne kai tsaye kan batir, to wannan shi ne abin da ya kamata jama'a su fara saya, don farantin da ake kira mai bolt 12 yakan kai 21 ko 22 in ba a ɗora masa komai ba, kuma ba ya sanin batir ya cika.

Zan gaya maka wani abu da mai yiwuwa ba zai yi maka daɗi ba. Da yawa daga cikin ƙananan kwantirolan da ke kasuwa suna da wannan aiki a cikinsu: suna gane dare ta hanyar faɗuwar wutar faranti, su kunna fitila, su kashe da safe ko bayan sa'o'in da aka saita. Ka duba na masallacin. In yana da shi, saita shi kawai ka yi, ka bar naka haɗin ya zama na zauren gidanku. Masallaci fitila yake buƙata, ba wajen gwaji ba, kuma wanda ya warware matsala ta hanya mafi sauƙi bai rage daraja ba. In ba shi da shi kuma kana so naka ya koma, to da sharaɗi uku zai koma: fiyus, makunnin da ladan zai iya dannawa ya mayar da komai yadda yake a da, da izinin waɗanda ke kula da kayan masallaci.

Wajensu za ka je da lambar da mita ta ba ka. Ka fara da liman shi kaɗai, ko ka roƙi babanka ya raka ka. Ka ce na'urarka ce ta lalace ta janye batirin, ka ba da haƙuri, ka faɗi abin da ka auna. In batirin ya dawo yana riƙe fitila har asuba, magana ta ƙare, masu surutu za su gaji. In ya raunana, kada ka yi musu a kan cewa dama ya tsufa, ko da hakan ne. Ka faɗi abin da za ka iya bayarwa, ko kaɗan-kaɗan ne, ko aikin goge faranti da duba ruwan batir duk mako, ka bar manya su yanke. Sun san ba da mugun nufi ka yi ba, yawanci abin da suke jira su ji shi ne ka ɗauki laifin da bakinka.

Babanka kuma, ina jin ba kuɗin tiransisto ne ke damunsa ba, sunansa ne ake ambata in an ce ɗan wane ya kashe batir. Kada ka yi masa gardama da baki. Ka nuna masa ka gyara abin da ka ɓata, sannan ka kawo masa shawara da kanka: tunda kana zaune kana jiran makaranta, ya nema maka izini wajen ogan abokinka, ko wani mai gyara da ya amince da shi, ka riƙa zuwa ko da rabin yini ne. Bidiyo yana nuna maka haɗin da ya yi aiki, ba ya nuna maka yadda ake bin wanda ya mutu, wannan kuwa a bencin mai gyara ake koyonsa. In ba ka da mita taka, ita ce abin da za ka fara tara wa kuɗi kafin kowane sabon kaya, tare da ɗan littafin da za ka riƙa rubuta abin da ka auna a kowace ƙafa lokacin da na'ura ke da lafiya, don ranar da ta lalace ka samu abin kwatantawa.

Barin abin gaba ɗaya kuwa, ban ba ka wannan shawara ba. Wanda ya haɗa LM358 da idon haske daga kallon bidiyo har ya yi makonni yana aiki, yana da hannu. Ka auna batirin, ka auna tiransiston farko, ka duba zoben diyod, ka je wajen abokinka, sannan ka rubuto mini abin da kuka gani. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa a dace.